Shirun Baba a Kan Mumbari

Tungar Atu, Kebbe
Lahadi, 14 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Nasiruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Kamila da yara, da kuma aikin makaranta. Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sau shida ina kiran wayarka ba ka ɗauka ba, kuma ka san mai neman sabis a garin nan sai ya hau tudun bayan firamare, daidai inda majalisar maza take. Ba zan tsaya can in kwance wa gidanmu zani a kasuwa ba. Shi ya sa na ba Gazali mai kabu-kabu, tunda sau biyu a mako yake shiga Tambuwal.

Juma'ar biyar ga wata ina gida wurin Inna, muna tsakar gida muna jin huɗubar Baba ta lasifika, kamar yadda muka saba shekara talatin da ɗaya da yake limancin garin nan. Yana tsakiyar huɗubar farko sai ya yi tsit. Na ɗauka batirin sola ne ya mutu, sai kuma na ji ana jin numfashinsa. Inna ta ajiye muciya ta dube ni, ni ma na dube ta. Shirun ya yi tsawon da mutum zai yi salla raka'a biyu, ashe kuwa abin da ake yi ke nan.

Maigidana Baban Madina ne ya ba ni labari da ya dawo daga masallaci. Ya ce kai ne ka shigo a makare, ka ratsa har sahu na uku, ka kabbara salla alhali Baba yana kan mumbari. Ya ce da aka sallame aka neme ka aka rasa, sai sawun babur ɗinka a cikin laka.

To ni ban yi karatun da ka yi ba, ba kuma zan shiga tsakanin malamai ba. Abin da na sani shi ne, mutum ya taso tun daga Tambuwal, ya zo ƙofar gidan ubansa, ya koma bai leƙa zaure ba. Inna ta yi maka tuwon dawa da miyar yakuwa, ta sa busasshen kifin da take ɓoyo tun bazara. Akushinka yana rufe har magariba, daga baya jikoki suka cinye. Na ga ranta ya ɓaci, kuma nawa ma ya ɓaci.

Me ya faru, Nasiru? Juma'a mai zuwa ce ranar zuwanka. Ka faɗa mini kafin nan, in san yadda zan tare ka.

Inna tana gaishe ka, tana gaida Kamila. Allah ya bar zumunci.

Addarka,
Hamdiya


Tambuwal
Laraba, 17 ga Yuli

Zuwa ga Adda Hamdiya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Bayan gaisuwa da girmamawa, takardarki ta iso, na kuma gode da kulawa. Muna lafiya. Ki gafarce ni kan rashin ɗaukar waya, maganar ce ba na jin zan iya faɗar ta da baki.

Ga yadda abin ya kasance. Na bar makaranta sha ɗaya saura, da niyyar in iso kafin ladan ya yi kira, in yi nafilata in zauna kamar kowa. Ruwan ranar Alhamis ya cinye hanya. Wuri biyu na sauka ina tura babur, na iso wandona duk taɓo, na yi alwala a gurguje. Ina shiga na tarar Baba ya riga ya hau.

Adda, ban yi don in nuna wa kowa karatu ba. Hadisi ne ingantacce: wani mutum ya shigo masallaci ranar Juma'a Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana huɗuba, ya zauna, sai aka umarce shi ya tashi ya yi raka'a biyu ya taƙaita. Ita ce gaisuwar masallaci. Wannan nake koya wa ɗalibaina, haka kuma nake yi a nan duk ranar da na makara. Da wane ido zan dube su in na bar ta don ina garinmu? Na san su Baba suna kan cewa da zarar liman ya fito nafila ta yanke. Mun daɗe da wannan bambancin ba tare da ya zama faɗa ba. Ni ina yin raka'a huɗu a masallaci bayan Juma'a, shi kuma sai ya koma zaure ya yi biyu a kan buzunsa, har yakan zolaye ni ya ce na fi shi arziki.

Amma ranar nan ina kabbarawa ya yi shiru. Ba ki kasance a ciki ba, ba za ki san nauyin shirun nan ba. Mutum ɗari uku, babu mai tari. Ina karanta Fatiha ina jin idanu a ƙeyata. Ruku'un ma ban san yadda na yi shi ba. Da ya ce mini in zauna, da na zauna, uba ne. Da ya ci gaba da huɗubarsa kamar yadda kowane liman yake yi, da babu wanda ya waiwaya. Sai ya tsai da gari ɗungurungum ya bar su suna kallona, ni mai shekara talatin da takwas, kamar yaron da aka kama a gonar rake. Shiru ma magana ce, kuma na ji abin da ya faɗa.

Bayan sallama Malam Maccido na'ibi ya zo wucewa ta gefena, ya ce, “Malamin birni, an idar?” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Na tabbata in na shiga gida a wannan halin zan faɗi abin da zan yi nadama, shi ya sa na juya.

Ba zan zo wannan Juma'ar ba. Ba fushi nake yi da Baba ba, Allah ya tsare ni. Amma sunna na yi, ban ga abin da zan ba da haƙuri a kansa ba. In ya huce ya neme ni, ko a ƙafa zan taho.

Ki ba Inna haƙuri kan tuwon. Ki gaida Baban Madina da yara.

Ƙanenki mai biyayya,
Nasiruddeen Jumare


Tungar Atu
Lahadi, 28 ga Yuli

Nasiru,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan iyali suna lafiya. Na ji an ba ku hutu, saboda haka uzurin makaranta ya ƙare.

Na karanta takardarka sau uku. Ta yi kyau, har da cikakken suna a ƙasa kamar mai neman aiki a sakatariya. Na ga ka ƙirga idanun da suka kalle ka, ka ƙirga shekarunka, ka riƙe maganar Malam Maccido kalma-kalma. Abu ɗaya ne ban gani ba: me Baba ya ce bayan ka sallame? Kana sahu na uku, lasifika a bisa kanka. Ni da nake tsakar gida na ji, kai ba ka ji ba, domin kana can kana jinyar kunyarka.

To bari in faɗa maka. Da ka zauna, Baba ya buɗe baki ya ci gaba, sai ya rasa inda ya tsaya. Ya koma farko ya sake yabo da salati. Ya zo tsakiya ya sake kakarewa, ya ɗauko addu'ar ƙarshen huɗuba ta biyu ya sa a ta farko. Sai da Malam Maccido ya ɗago masa daga ƙasa, kamar yadda ake ɗago wa ɗalibi a gaban allo. Ni kuka na yi, Nasiru, a gaban murhu.

Akwai abin da muka ɓoye maka, laifinmu ne ni da Inna, shi ya hana mu faɗa. Shekara biyu ke nan Baba ba ya ganin rubutu. Takardar da yake hawa da ita riƙo kawai yake yi. Tun ranar Laraba yake fara bitar huɗuba da ka, yana kai da komo a zaure, ya ɗaura ta daga farko zuwa ƙarshe a jere. Muddin bai tsaya ba, lafiya lau yake sauka. Babu wanda ya taɓa ganewa sai ranar nan.

Ban rubuta maka wannan a takardar farko ba don ina zaton abin zai wuce. Bai wuce ba. Juma'ar da ta biyo ya hau, ya yi tuntuɓen harshe sau ɗaya. Ta bayanta ma haka. Ranar Laraba da hantsi dattawa huɗu suka yi sallama. Sun yi ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba, sun daɗe suna kewaye-kewaye kan lafiya da hutawa. Baba ne ya sauƙaƙa musu, ya ce shi ma yana shirin kiransu don ya ajiye limancin. Shekaranjiya Malam Maccido ne ya hau mumbari. Baba ya tafi tun kafin rana ta take tsaka, ya yi nafilarsa, ya zauna a sahun farko yana saurare. Da ya dawo ya shimfiɗa buzu ya yi raka'a biyunsa, ya sha fura.

Har yau bai ambaci sunanka da alheri ko da sharri ba. Kai kuma kana can kana jiran ya huce ya neme ka. Ka ce sunna ka yi, ban musa ba. Amma ko ni da iyakacina Islamiyyar matan aure na san gaisuwar masallaci nafila ce, gaisuwar iyaye kuwa ba nafila ba ce. Kada garin neman gira ka rasa ido.

Ka gaida Kamila. Ka ce mata ta yi maka magana, ko ita za ka ji.

Hamdiya


Tambuwal
Alhamis, 1 ga Agusta

Adda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gaisuwar ƙane. Takardarki ta same ni a ƙofar gida, a tsaye na karanta, sai da na nemi dakali na zauna.

Wallahi ban ji ba. Na yi ta ƙoƙarin tuna ko kalma ɗaya daga sauran huɗubar, babu. Ni da nake koya wa yara cewa wanda ya yi wasa da tsakuwa ana huɗuba ya yi wargi, ga shi na zauna a gaban mahaifina yana laluben kalma, hankalina yana kan kaina. Wannan kam ba ni da hujja a kai.

Batun idanunsa kuma, duk zuwan da nake yi ina ganin yana sa Baban Madina ya karanta masa takardun ɗaurin aure, na ɗauka girma ne. Ban taɓa tambaya ba. Ina jin haushinku kaɗan, amma na kaina ya fi yawa.

Sai dai har yanzu abu ɗaya ya tsaya mini a wuya, ki yi haƙuri da ni. In ya san tsayawa za ta warware masa huɗuba, me ya sa ya tsaya? Ashe fushin ya kai ya gwammace ya faɗi a gaban jama'a muddin dai ya hore ni? In haka ne, to abin ya fi yadda na zata muni, ban kuma san da wace fuska zan shiga zauren nan ba. Garin ma yanzu me ake cewa? Ɗan liman ya je birni ya yi karatu, ya dawo ya sauke ubansa. Ko ba a faɗa a gabana ba, za a faɗa.

Na hau babur ranar Talata, na kai har mararraba, na tsaya na sayi mai, na juyo. Ba girman kai ba ne yanzu, Adda, tsoro ne.

Ke ce yake sake wa fuska. Don Allah ki tambaye shi, kada ki ce ni na aiko. Ko me ya ce ki rubuto mini yadda ya faɗa, kada ki rage masa ɗaci.

Ki gaida Inna. Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanenki,
Nasiru


Tungar Atu
Lahadi, 11 ga Agusta

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na jinkirta amsa don ba a tarar Baba da tambaya kai tsaye, sai an jira rana. Jiya bayan la'asar na kai masa fura, na tarar shi kaɗai a zaure, ana yayyafi, masu ɗaukar karatu ba su zo ba. Na zauna na yi ta kame-kame, sannan na tambaya.

Ya juya ludayi cikin furar. Sai ya ce, “Tambayag ga taki ta, ko aiko ki anka yi?” Ya yi murmushi, ka san ba a yi masa wayo. Ga abin da ya faɗa, yadda ka ce in rubuto.

Ya ce, “Ni ban gan shi ba, idanuna ba su kai nan. Kabbaratai nij ji. Ni nik koya mai ta, ba ta ɓace min cikin dubu.”

Na ce, “To Baba, ranka ya ɓaci?”

Ya ce, “Ɓacin rai na mi? Ga karatun da munka gada, in liman ya fito nafila ta yanke, don sauraren huɗuba wajibi na. Ga karatun da shi yay yi, wanda yash shigo shi yi raka'a biyu shi taƙaita. Hadisin da shika riƙo na san shi tun ba a haife shi ba. Malamanmu sun ba da amsa, malamansu sun amsa amsar. Ba ni za ni raba wagga gardama bisa mumbarin Tungar Atu ba.”

Na ce, “To me ya sa ka tsaya?”

Ya ɗaga yatsu uku. Ya ce, “Hanya ukku ag gabana. In ci gaba, to ga abin da nis sani ɗana na salla bisa huɗuba, kuma bakina ka ɗora mai laifin, ko wace kalma da nauyinta. Ko in ce mai zamna, in yanke mai sallad da yaƙ ƙulla da Ubangijinai, gaban mutane. Ko ni in kama bakina. Akwai ruwayad da tac ce Manzon Allah ya dakata har mutumin nan yaƙ ƙare, ko da malamai sun yi magana ga ƙarfinta. Sai nic ce, in babu huɗuba, babu abin da zai kuɓuce mai, babu kuma abin da za a rubuta mai. Sai nij jira shi.”

Nasiru, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce, “Baba, ka san in ka tsaya ba za ka gane inda kake ba?”

Ya ce, “Na sani. Shekara biyu nika riƙon ta awa mai tufka igiya, in nis saki baki ta warware.”

Na ce, “Amma ka saki.”

Ya ce, “Hamdiya, mumbari wani na iya hawa. Nasiru ba shi da wani uba.”

Daga nan ya sha furarsa. Na faɗa masa yadda kai ka ɗauki abin, cewa hora ka ya yi a bainar jama'a. Ban ɓoye ba, don na gaji da ɓoye-ɓoye. Wannan ne kaɗai na ga ya taɓa shi. Ya ajiye ƙwarya, ya ce shi duk makonnin nan yana zaton kunyar tuntuɓensa ce ta kore ka, wai ka ga ubanka yana kakarewa a gaban gari ka kasa haɗa ido da shi. Shi ya sa bai neme ka ba, yana jiran kunyar ta sake ka. Ka ga aiki: kai kana jiransa, shi yana jiranka, mu kuma mata muna tsakani muna asarar kifi.

Da na tashi tafiya ya kira ni ya ce, “Rannan ya dai isa lafiya? Hanyag ga ba ta da kyau.”

Ka ce kada in rage ɗaci. Ban rage komai ba, iyakar abin da ke akwai ke nan. Maganar gari kuwa, ana yi, ba zan ce ba a yi ba. Za a yi ta a gaji, kaka tana zuwa kowa zai koma kan geronsa.

Inna tana gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Addarka,
Hamdiya


Tambuwal
Talata, 13 ga Agusta

Zuwa ga mahaifina, Malam Jumare,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh. Baba, ina durƙusawa ina gaishe ka. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Adda za ta karanta maka wannan.

Na yi maka mummunan zato. Ka rufa mini asiri na ɗauka tonawa ka yi, na bar ka a ƙofar masallaci ranar da ka fi bukatar wanda zai kama hannunka. Juma'a biyar ban zo na gaishe ka ba. Ba ni da hadisin da zan kare wannan da shi.

In ka yarda zan je wurin dattawa ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu dalilin tsayawarka, ko Allah zai sa su mai da kai kan limanci. Na kuma yi alkawari ba zan ƙara yin raka'a biyun nan ana huɗuba a garinmu ba.

Baba, ka yafe mini. Ko kalma ɗaya ce ka sa Adda ta rubuto, in samu ƙafar tahowa.

Ɗanka,
Nasiru


Tungar Atu
Laraba, 14 ga Agusta

Daga Malam Jumare, da hannun Hamdiya, zuwa ga ɗana Nasiruddeen.

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka da iyalinka. Takardarka ta iso, an karanta min sau biyu.

Kada ka tafi wurin dattawa. Ba kai kas sauke ni ba, shekaru na, kuma Maccido na da karatu.

Alkawarin da kay yi ban karɓa ba. Abin da anka yi don Allah ba a barin shi don uba. Ka yi abin da kas sani.

Saura batun gafara. Ga Hamdiya nan ta ɗaga alƙalami tana jiran in faɗi kalmar ta rubuta, har da harara. Ban faɗi ba. Ba a ba Gazali irin wagga ajiya shi ɗaura bayan babur. Tana nan bakina, sai ka zo ka zamna gabana.

Shekaruna saba'in da tara, Nasiru. Kada ka bari in daɗe ina riƙon ta.

Ka gaida Kamila da yara. Allah shi yi maka albarka, shi kawo ka lafiya.

Wassalam,
Mahaifinka